Akwatin Kawu: littafin aikin ceto dodannin hoto

9 Nuwamba 2024

Yau muka buɗe akwatin ƙarfen da ya shekara kusan 15 a ƙarƙashin gadon Kawu, a gidanmu na Zango. Makullin ya ɓata tun tuni, sai da ƙanena ya sa guduma. Abin da na je nema dodannin hoto ne, wato wankakken fim ɗin da ake buga hoto daga jikinsa, waɗanda a nan Damagaram muka fi kira kilishe, don na yi niyyar in mai da su cikin kwamfuta kafin zafi da ƙura su gama da su. Na ƙirga ambulan 214, wasu da shekara a rubuce da biro, wasu babu komai sai sunan unguwa: Birni, Garin Malam, Sabon Gari, wani ma an rubuta Mirya kawai.

Ƙarƙashinsu kuma kayan aiki ne naɗe cikin tsohon rawani. Yashica Mat-124G mai ido biyu wadda ake leƙa ta daga sama, Zenit ta Rasha da ta ƙi motsi, Nikon FM2 da gefenta ya goge har tagulla ta fito, sai Nikon D70, ita ce ta dijital. Gilasan kyamara huɗu waɗanda da hannu ake saita su: mai milimita 28, 50, 105, da wani 55 na ɗaukar abu kusa-kusa.

Kawu yana zaune bisa tabarma yana kallona. Da na ɗaga FM2 sai ya miƙo hannu bai ce komai ba, ya ja kunnenta, ya danna, ta yi ƙas. Ya ce, “Ka ji? Ba batir a cikinta fa.” Gaskiya ne. Batirin FM2 na ma'aunin haske ne kawai, sauran duk ƙarfe ne da sifirin.

17 Nuwamba

Labari ya kai ga Baba Alhaji, taubashin Kawu, wanda shi ma ya yi shekaru da shagon hoto can wajen kasuwar Dole. Bayan la'asar sai ga shi da jaka a kafaɗa. Ban san na tono tsohuwar rigima ba.

Shi ɗan Canon ne tun AE-1, wadda ta fito a 1976. Kawu kuwa ya sayi FM2 ɗinsa hannun wani Bature daga cikin masu keto Sahara da tsofaffin motocin Peugeot su sayar a Nijar su koma gida ta jirgi. Tun daga ranar bai ƙara sayen wata ba in ba Nikon ba. Sun zauna suna jifan juna kamar jiya aka fara. Kawu ya ce AE-1 in batirinta mai bolt 6 ya mutu ta zama dutse, kuma ka je ka nemo irin wannan batir a ƙauye ranar ɗaurin aure. Baba Alhaji ya ce, “Kai bawana, lokacin da kake murɗe-murɗe kana lissafin haske, ni na ɗauki amarya sau uku.” AE-1 kana zaɓar saurin ɗauka ne, ita ta zaɓi buɗin gilashi da kanta.

Da na tambayi Baba Alhaji yadda aka yi da gilasansa na farko, sai Kawu ya riga shi amsawa da dariya. A 1987 Canon ta fito da EOS 650 da sabon baki, wato wurin ɗaura gilashi, mai suna EF, wanda kyamara da gilashi ke magana ta wayoyin lantarki, injin saiti kuma yana cikin gilashin. Tsofaffin gilasanta masu bakin FD ba sa shiga wannan baki. Nikon kuwa bakinta na F, na tun 1959, da shi ta ci gaba har cikin zamanin dijital. Wannan ita ce babbar hujjar Kawu, ya kuma maimaita ta sau uku kafin magariba. Baba Alhaji bai nuna ya ji zafi ba. Ya ce wanda ya rushe ɗakin laka ya yi na siminti bai yi hauka ba, kuma sabon bakin ne ya sa Canon ta cika filayen ƙwallo da fararen gilasanta a shekarun 1990.

Na koma ɗaki na rubuta a gefen takarda: ashe ba son suna ba ne, kuɗin da aka zuba a gilashi ne ke ɗaure mutum. Na ji daɗin wannan fahimta tawa.

30 Nuwamba

Na samu cajar da ta yi daidai, D70 ta tashi. Na ɗaura mata 55 ɗin ya shiga sumul, ya yi ƙyat. Amma da gilashin hannu irin wannan ba ta auna haske, sai ka ƙiyasta, ka ɗauka, ka duba ɗan ƙaramin allon baya, ka gyara. Ga ta megafiksel 6 kacal. Don hoton fasfo da katin shaida ya isa, don kwafe dodo bai isa ba, musamman da yake gilashin nan iyakarsa ya nuna abu rabin girmansa, ma'ana dodo mai milimita 24 da 36 ba zai cika sensa ba, wato abin da ke karɓar hoto a madadin fim, kusan rabin fili zai tafi a banza.

Dole in nemi wani jikin.

14 Disamba

Na dawo daga Kano jiya da dare, ta Daura da Matamai. Na sayi D7000 ta hannu. Ta fito a 2010, megafiksel 16, tana cin katin SD, kuma tana da ɗan kunnen da ke karanta buɗin tsofaffin gilasai, saboda haka tana auna haske da su. In na yanke gefe, abin da zai rage mini ya kai megafiksel 9 a kowane dodo.

A shagon akwai wata Sony marar madubi a kusan farashi ɗaya, wadda da ƴar zobe za ta karɓi dukkan gilasan Kawu, har da na Zenit. Na juya ta a hannu na daɗe. Sai na tuna fuskar da zan tarar a gida, na ajiye ta. Ni da ke yi wa tsofaffi dariya, ga ni na sayi kyamara don kada kawuna ya ɓata rai.

Dattijon da ke gyara a bayan shagon ya faɗa mini abin da ban yi tunaninsa ba. Ya ce a zamaninsu mai hoto daga Zinder ko Maraɗi ba ya zaɓar kyamara don talla, yana zaɓar wadda in ta lalace akwai gawar ƴar'uwarta a teburin mai gyara da za a ciro kaya. Irin da ta yi yawa a gari ita ke ƙara yawa. Ya nuna mini kwali cike da Yashica FX-3, ya ce da babu wadda ta kai ta yawa wurin masu yawon ɗauka a biki. Kyocera, wadda ta mallaki Yashica tun 1983, ta bar harkar kyamara a 2005, masu ita suka watse kowa ya kama gabansa.

22 Disamba

Na kafa wurin aiki a ɗakin soro. Kyamara a kan ƙafa uku tana kallon ƙasa, ƙarƙashinta farin allon tsohuwar waya babba a matsayin fitila. Gwajin farko ya fito da ƙananan ɗigo-ɗigo kamar raga, ashe ɗigon allon ne ke shiga hoto. Na ɗaga dodon sama da kamar yatsa uku a kan kwali, na sa farar roba a tsakani, ragar ta ɓace.

Babban abokin gaba buji ne. Na zaɓi mafi munin lokaci a shekara. Ka hure dodo, kafin ka kai hannu ka danna, wata ƙurar ta sauka. Yanzu ina yayyafa ruwa a ƙasa, in rataya jiƙaƙƙen zane a ƙofa, in yi aiki bayan sallar asuba kafin iska ta tashi. Gilashin kuma ba na cire shi ko kaɗan, don kada ƙura ta hau sensa. A zamanin fim kowace ɗauka sabon fili take samu, ƙurar da ta shiga ta ɓata hoto ɗaya ta wuce. A dijital in ta zauna, tana kan goshin kowa har ranar da aka goge.

Ambulan 9 sun shiga.

11 Janairu 2025

Ambulan 47. Yanzu hannuna ya saba, kuma na fara karanta abin da ke rubuce a gefen fim ɗin, wanda ya fi hotunan ba ni labari.

Mutumin da ya rantse da kyamara ɗaya shekara da shekaru, a wajen fim ba shi da gwani. Kodak Gold, Fujicolor, Konica, Agfa, duk suna nan, wani lokaci iri uku a ambulan ɗaya. Na tambaye shi, ya ce, “Ɗana, fim ai abinci ne, abin da aka samu a kasuwa shi ake ci.” Baƙi da fari da Yashica ya fara, fim mai faɗi mai ɗauka 12, yana wankewa da kansa a bayan shago da jan ƙwai. Da launi ya shigo, wanki ya fi ƙarfin shago, don ruwan maganin C-41 yana son zafi daidai digiri 38 ba ƙari ba ragi. Sai a tara fina-finai a ba direba a tasha ya kai Kano, bayan kwana biyu ko uku hotuna su dawo. Mai biki ya biya rabi, ya jira.

Daga 1994 ambulan suka rame. Kafin nan ɗaurin aure ɗaya yakan ci fim biyu masu 36, bayan nan sai in ga aure biyu da suna ɗaya a fim guda. A Janairun shekarar ne aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tsada. A waɗannan shekaru hotunan Kawu sun fi kyau, a ganina. Ba hoto ko ɗaya na banza. Kowa a tsaye yake inda ya dace, ba wanda ya rufe ido, don ya san ba zai sake ba.

Ambulan 3 suna warin tsami kamar binega, fim ɗin ya fara lanƙwashewa. Na ware su a wani kwali don abin yana yaɗuwa, kuma su na fara kwafewa.

26 Janairu

Sati biyu ba wani ci gaba. Wuta ba ta zama, ga aikin makaranta. Ambulan 58. Masu launi suna cin lokaci, saboda launin ruwan lemon da ke jikin dodon sai an cire shi a manhajar gyaran hoto ta darktable kafin fuskoki su daina yin shuɗi. Inna ta gane kanta a wani hoton 1988 tana ɗauke da ni a baya, ta sa na tura wa duk dangi a WhatsApp, aikin ranar ya tsaya nan.

8 Fabrairu

Yau fahimtata ta watan Nuwamba ta rushe.

A aljihun jakar D70 na tarar da katin CompactFlash ɗaya da faifan CD 11. Bakwai sun buɗe. Hotunan farko na Disamban 2006 ne, lokacin da aka yi bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriyar Nijar, a nan Zinder, kuma Kawu ya ce dominsa ya sayi kyamarar, don masu yawo da dijital sun fara ƙwace masa mutane: su ɗauka, su nuna maka a take, ka ce a'a, su sake. A farkon shekarar ce ma Nikon ta sanar da daina yawancin kyamarorinta na fim, ta bar F6 da FM10. Baba Alhaji ya riga shi da EOS 300D, ta 2003, wadda aka sayar ƙasa da dalar Amurka 1000 har da gilashi, ta sauko da irin wannan kyamara zuwa hannun talaka.

Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayani a cikinsa: rana, sa'a, da gilashin da aka yi aiki da shi. In gilashin hannu ne marar wayoyi, gurbin yakan fito wayam. Na tace hotunan duka. Cikin sama da 4000, waɗanda aka ɗauka da tsofaffin gilasai 31 ne, kuma dukkansu a makon farko. Sauran duk da 18-70 ne, gilashin da ya zo tare da kyamarar a kwali.

Wato mutumin nan ya tsaya kan Nikon saboda gilasansa za su shiga, suka shiga, ya naɗe su a rawani ya sa a akwati.

Na same shi bayan isha'i yana sauraron rediyo. Na ce, “Kawu, ina da tambaya amma kada ka ce na yi rashin kunya.” Ya saurara har na gama. Sai ya ce shagonsa taku biyar ne daga labule zuwa ƙofa. Da FM2 da 50, mutum a tsaye yana shiga tun daga hula har takalmi. Da ya ɗaura 50 ɗin a D70, sai ya ga an yanke ƙafafu. Ya ja baya, ya ja baya, har ya tsinci kansa a bakin titi kabu-kabu na yi masa oda. Dalili kuwa sensar ta fi fim ƙanƙanta, tana ganin tsakiya kawai, 50 ya koma kamar 75. Ga rashin auna haske, ga tagar leƙawa ƙarama, idonsa kuma ya fara rauni.

Na ce to da ka sani ai da ka sayi kowace iri. Ya girgiza kai. Ya ce an taɓa ba shi Canon ɗin taubashinsa ya riƙe a wani suna, duk sanda ya so ya kawo saiti kusa sai ya kai shi nesa. Zoben saitin Nikon da na Canon ba gefe ɗaya suke juyawa ba, haka ma wajen ɗaura gilashi, na Nikon hagu ake murɗa shi, na Canon dama. “Shekara 20 hannu yana bin hanya ɗaya,” in ji shi, “ranar hawa ba ka da lokacin yin shawara da shi.”

Na gwada da kaina washegari da kyamarar Baba Alhaji. Wata biyu kawai na yi da 55 ɗin nan, amma sau biyu na murɗa baibai.

23 Fabrairu

Zoben da na yi oda ya iso, wanda ke haɗa gilashin Nikon da jikin Canon. Lissafin mai sauƙi ne. Daga baki zuwa fim, Nikon F milimita 46.5 ne, Canon EF 44. Wannan 2.5 da ya rage shi ne kaurin zoben, ba gilashi a ciki ba komai. A juye kuwa ba ya yiwuwa, don babu wurin da za a rage.

Muka ɗaura 105 ɗin Kawu a kan Canon, Baba Alhaji ya ɗauki jikarsa a bakin zaure. Hoton ya yi kyau har ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce, “To ga ɗiyarka ta tare a gidana.” Kawu ya ce, “Ɗiyar gidan mutunci ko'ina ana son ta. Naka wa ya zo nema?” Sai da Inna ta leƙo ta ce su rage murya maƙwabta na barci.

Kafin su tashi suka koma kan Kodak. Kawu ya ce ko Kodak da za ta yi dijital ta farko ta sayarwa a 1991, jikin Nikon F3 ta ara. Baba Alhaji ya ce bayan ƴan shekaru ta yi wasu a jikin EOS. Duk su biyun suna da gaskiya. Abin da ba wanda ya ce komai a kai shi ne injiniyanta Steven Sasson ne ya haɗa kyamarar dijital tun 1975, kuma kamfanin da fim ɗinsa ya ciyar da su biyun ya shiga kotun fatara a 2012.

15 Maris

Azumi, ga zafi ya fara. Ina aiki bayan sahur, ambulan biyu ko uku, in kwanta. An kai 121.

Wani saurayi daga Sabon Gari ya ji labarin aikin ya kawo jakar marigayi mahaifinsa, wanda su Kawu suka sani sarai. Minolta 7000 ce ta 1985, da gilasai uku, da Sony A100. Ya ɗauka mahaifinsa ya sauya sheƙa ne. Na ce masa a'a. Minolta ta haɗe da Konica a 2003, a 2006 suka fita daga harkar suka miƙa wa Sony, ita kuma ta ci gaba da bakin nan nasu. Na cire gilashi daga ɗaya na ɗaura a ɗayar ya gani. Baba Alhaji ya ce Allah ya jiƙan mai jaka, ya kwana Minolta ya tashi Sony bai motsa daga shimfiɗarsa ba.

Nan ne na sanar da su abin da na daɗe ina ɓoyewa: a 2018 Nikon ta fito da sabon baki, Z, Canon ma ta fito da RF, tsofaffin gilasan kowannensu sai da zobe. Baba Alhaji ya yi dariya har da tari. Kawu ya tambaya ko zoben saitin har yanzu gefen da yake juyawa. Na ce haka yake zuwa daga kamfani. Ya ce to.

2 Afrilu

Sallah ta wuce lafiya. Ranar hawa na kai Kawu ƙofar fada a Birni, na ba shi D7000 da 105, na saita masa haske. Dawaki suka taso, ƙura ta turnuƙe, ko'ina hannuwa ne a sama riƙe da waya. A gefenmu wasu samari biyu suna musu kan wace waya ta fi fitar da baƙar fata da kyau, Tecno ko Samsung, ɗaya yana cewa shi ko kyauta aka ba shi waccan ba ya karɓa.

Kawu ya ɗauki hoto 14 a duk wunin, kamar mai biyan kuɗin fim. Goma sha ɗaya sun fito tsaf, saiti a kan idon mahayi. Ni da waya na ɗauki sama da 200, ban ga wanda zan buga ba.

Ya hana ni mai da 105 ɗin cikin rawani, ya ce a bar shi a kan kyamara. Matsalar ita ce 55 nake bukata a wurin, kuma duk cirewa ƙura ce. Saura ambulan 76, ciki har da na Yashica masu faɗi da ban yi musu mariƙi ba tukuna. Gobe zan je wurin kafinta da ma'auni, santimita 6 da 6.